Wasiƙa Zuwa ga Hukumar INAEM: Cristóbal Halffter Ya Fi Ƙarfin Minti Goma

Zuwa ga shugabannin INAEM, hukumar da ke kula da kiɗa da wasannin dandamali a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu ta Sifaniya, da masu tsara shirye-shiryen Ƙungiyar Makaɗa da Mawaƙa ta Ƙasa, a Madrid.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Ranar 24 ga Maris 2030 za a cika shekara 100 cif da haihuwar Cristóbal Halffter, mawallafin kiɗa ɗan Sifaniya, wanda ya rasu a Villafranca del Bierzo ranar 23 ga Mayu 2021. Kun fi mu sanin cewa babbar ƙungiyar makaɗa takan ɗaure jadawalinta shekara biyu ko uku kafin lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa muke rubuto muku tun yanzu. Abin da muke tsoro guda ne: a zo ranar, a buɗe taro da kiɗansa Tiento del primer tono y batalla imperial, a yi minti goma ana jin daɗi, a tafa, sannan a koma kan Beethoven a ce an karrama mamaci. Wannan kiɗa yana da kyau, za mu dawo kansa. Amma mutumin da ya yi sama da shekara 60 yana rubutu, salonsa yana sauyawa daga wannan zango zuwa wancan, ba a auna shi da abin da ya fi sauƙi a kunne. Roƙonmu shi ne ku nuna tafiyar gaba ɗayanta, kuma ku ba kowane zango irin shirin da yake buƙata, don shirin ba iri ɗaya ba ne.

A gidan kiɗa aka haife shi. Baffansa Ernesto almajirin mawallafin kiɗa Manuel de Falla ne, shi ya ƙarasa kiɗan Atlántida da malamin ya bari bayan rasuwarsa. Ɗaya baffan, Rodolfo, ya yi gudun hijira zuwa Meziko bayan yaƙin basasar Sifaniya. Shi kansa Cristóbal yana ɗan shekara 6 iyayensa suka tafi da shi Velbert a Jamus a 1936, suka dawo a 1939. Wannan zaman ya ba shi Jamusanci tun yana ƙarami, kuma daga baya gidajen rediyo da bukukuwan kiɗa na Jamus ne suka riƙe shi a lokacin da gida ya yi masa ƙunci. Ya yi karatu a hannun Conrado del Campo a makarantar kiɗa ta Madrid, ya gama a 1951, shekarar da aka laƙaba wa tsaransu duka, su Luis de Pablo da Carmelo Bernaola da Antón García Abril. Shi ma De Pablo a 1930 aka haife shi, a 2021 ya rasu, don haka shekarar 2030 tana da baƙi biyu, kada ɗaya ya cinye rabon ɗaya.

Ayyukansa na farko, irin su Antífona pascual ta 1952 da kiɗan fiyano da ƙungiya na 1953 wanda ya kawo masa lambar yabo ta ƙasa, suna tafiya ne a kan sawun Falla da Stravinsky. Dos movimientos na 1956, na gangar timbal da kayan tsirkiya, ya karkata wajen Bartók. Makaɗanku za su iya karanta waɗannan a zaman bita biyu. Matsala ɗaya muke so a lura da ita. A babban zauren Auditorio Nacional, mai kujeru kusan 2,300, al'ada ce a ajiye mai timbal can baya. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, ke nan tazarar mita 12 tana jawo jinkirin kusan kashi 35 cikin 1,000 na daƙiƙa. A kiɗan da timbal ke raka wasu ba a damuwa da wannan. A kiɗan da shi ne abokin zancen masu goge, jinkirin yana sa bugun ya riƙa zuwa a makare, mai bugun kuma ya fara gaggawa don ya cike giɓin. A matso da shi gaba, kusa da madugu, wato mai jagorantar makaɗa da sanda, a ba shi sanduna masu tauri.

A ƙarshen shekarun 1950 Halffter ya rungumi tsarin jeren sautuka 12. Ga yadda abin yake ga mai karatun da bai saba ba: mawallafi yakan jera sautukan nan 12 a wani tsari nasa, ba ya maimaita ko ɗaya sai sauran 11 sun wuce. Jeren ana iya bin sa gaba, ana iya bin sa baya, ana iya kife shi ta yadda duk hawa zai zama sauka, ana kuma iya bin kifaffen baya. Hanyoyi huɗu ke nan, kowace tana iya farawa daga kowane mataki cikin 12, jimilla siffofi 48. Da wannan ya rubuta Cinco microformas a 1960, kuma da aka fara kaɗa shi a Madrid a 1961 zauren ya rabu biyu, masu tafi da masu ihu. Yau babu mai ihu, amma kiɗan yana mutuwa ta wata hanyar. Jimla ɗaya takan fara a bakin mai sarewa, ta faɗa hannun mai goge, ta ƙare a wajen mai ƙaho, kowa da sauti biyu ko uku. In kowa ya ƙirga hutunsa kawai ya saki sautinsa a kan lokaci, abin da mai sauraro zai ji shi ne ɗigon ruwa daga rufin da ke yoyo. Magani shi ne a rubuta wa kowane makaɗi a takardarsa wanda ya miƙo masa jimlar da wanda zai miƙa wa, sannan a ware zama guda na ƙananan rukuni, ba tare da madugu yana kaɗa hannu ba, har sai sun ji juna. Aikin ma'ajin takardu ne na kwana biyu ko uku, kuma shi ne bambanci tsakanin kiɗa da lissafi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 1964 gwamnatin Franco, mai mulkin kama-karya a Sifaniya, ta yi bikin da ta kira shekara 25 na zaman lafiya, kuma Halffter ya rubuta Secuencias don taron kiɗan bikin. A wannan shekarar aka naɗa shi shugaban makarantar kiɗa ta Madrid, ya ajiye muƙamin a 1966. Muna roƙo kada littafin shirinku ya tsallake wannan. Wanda bai san inda mutumin ya tsaya a 1964 ba, ba zai gane nauyin abin da ya biyo baya ba. A 1968 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi aikin rubuta babbar waƙa don cikar shekara 20 da Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam, ya yi Yes, speak out, yes a kan kalmomin Norman Corwin. A 1971 ya fito da Planto por las víctimas de la violencia, makoki ga waɗanda aka zalunta, da Réquiem por la libertad imaginada. Bayansu ya yi Gaudium et spes-Beunza, na muryoyi 32 da tef, yana ɗauke da sunan saurayin nan Beunza da aka ɗaure saboda ya ƙi shiga aikin soja. Duk wannan Franco yana raye, yana kan mulki. A ganinmu wannan zangon, daga 1966 zuwa 1977, shi ne ƙashin bayan aikinsa, kuma shi ne ya fi wuyar shiri. A nan muke so ku zuba kuɗin da lokacin.

Dabarar da ya fi dogara da ita a lokacin ita ce wadda ya kira zobba, har ya sa wa wani kiɗa na 1967 zuwa 1968 suna Anillos. Ana ba makaɗi ɗan gungun sautuka, ya yi ta maimaita su da saurin kansa, ba tare da ya bi na kusa da shi ba, har sai madugu ya ba da alamar a tsaya ko a sauya. Mawallafi ya zaɓi sautukan, ya ƙayyade tsawon lokacin, sau da yawa da daƙiƙoƙi, amma yadda za su haɗu a kowane dare ya bar wa hali. In an yi daidai, masu goge 16 sukan zama kamar taron ƙudan zuma, abu ɗaya mai motsi a ciki.

Ga inda ake faɗuwa. Makaɗin babbar ƙungiya an horar da shi shekara 20 ya daidaita bakansa da na shugaban layinsa. In ka ce masa ya saki jiki, zai saki na daƙiƙa biyar, sannan idonsa ya kama hannun maƙwabcinsa, kafin a ankara layin gaba ɗaya yana tafiya tare, zumar ta zama fareti. Dole a raba musu sauri tun a bita, a ce kujera ta farko ta yi gaggawa, ta biyu ta ja, ta uku ta tsaka, a kuma hana a rubuta musu hawa da saukar baka iri ɗaya. Na biyu, duk wanda ke maimaita abu yakan ƙara ƙarfi bai sani ba. Zoben da aka ce a yi shi a hankali na daƙiƙa 20 yakan ƙare da ƙarfin da ya ninka na farkonsa, ya binne abin da ya kamata ya fito a samansa. A sa mutum a tsakiyar zaure lokacin bita, aikinsa kawai ya ɗaga hannu in ƙarfin ya fara hawa. Na uku yana wuyan madugu. Wanda bai saba ba yakan ci gaba da kaɗa sanda a cikin zoben don hannunsa ya ƙi zama, makaɗa kuwa in sun ga sanda za su bi ta. Abin da ake so shi ne hannun dama ya ba da shiga ya tsaya cak, hannun hagu ya nuna lambar alama ta gaba da yatsu, kuma lambobin su kasance a rubuce da girma a kowace takarda. Haka kuma, inda aka rarraba masu tsirkiya kowa da layinsa, tsarin mutum biyu a kan takarda ɗaya ba ya aiki, don babu mai hannun da zai juya shafi. A nemi takardun haya daga Universal Edition a Biyana aƙalla wata shida kafin lokaci, a duba wurin juya shafi ɗaya bayan ɗaya.

Makon aiki na yau da kullum, zaman bita huɗu da na ƙarshe, in an raba shi da wani babban kiɗa da kowa ya sani, ba ya isa. Muna ba da shawarar zama biyu na rukuni-rukuni kafin makon ya fara, kuma a sa Halffter a farkon kowane zama, lokacin da kunne bai gaji ba.

Sai batun na'ura, wanda shi ne ya fi gaggawa, don shi kaɗai ne lokaci ke ci. Noche pasiva del sentido, a kan baitocin San Juan de la Cruz, an rubuta shi ne don mace mai siririyar murya, masu kayan bugu biyu, da na'urorin tef masu ɗaukar sautin su dawo da shi. Planto kuwa a bikin kiɗa na Donaueschingen a Jamus aka fara kaɗa shi a 1971, tare da injiniya Hans Peter Haller da na'urar Halaphon, wadda ke zagayawa da sauti daga lasifika zuwa lasifika kewaye da masu sauraro. Variaciones sobre la resonancia de un grito, na makaɗa 11 da na'ura, ya zo a 1977. Waɗannan kayan yau sai a gidan tarihi. Ana iya kwaikwayon aikinsu da kwamfuta, amma akwai tarko. A da, jinkiri ana auna shi ne da tsawon zare: tef mai gudun santimita 38 a daƙiƙa, in ana son sauti ya dawo bayan daƙiƙa 8, sai a raba na'urar ɗauka da ta saki da tazarar kusan mita 3. Duk zagayen da sautin ya yi yakan rasa ɗan kaifinsa na sama, ya ɗauki ɗan shuu na zaren, ya riƙa nisa kamar murya a cikin rijiya. Kwamfuta tana dawo da shi tas, sau goma iri ɗaya, sai tarin ya yi kauri ya rufe mawaƙiyar da ke tsaye a dandamali. Injiniya ya sa matata mai rage kaifi a kowane zagaye, ya kuma rage ƙarfin dawowar, yana gwadawa da tsofaffin faifan da aka naɗa mawallafin yana raye. Lasifikan da ke kewaye da zaure kada a fuskantar da su ga makirfo, in ba haka ba za a sami ƙarar nan mai huda kunne a daidai wurin da ake son shiru. Wannan duka yana buƙatar yini guda cur a cikin zauren da za a yi wasan, babu makaɗa, sannan wani yinin da su. Gwajin awa ɗaya kafin a buɗe ƙofa shi ne ya kashe irin waɗannan ayyuka a wurare da yawa.

Su kansu tsofaffin zarurrukan tef abin dubawa ne. Da yawa daga na shekarun 1970 sinadarin da ke riƙe fuskarsu yakan sha danshi ya yi danƙo, in aka ɗora su a na'ura haka nan sai fuskar ta kankare, abin da ke ciki ya tafi har abada. Masu adana sauti sukan gasa su a zafin da bai wuce digiri 50 zuwa 55 ba na tsawon sa'o'i, sannan su kwafe su nan da 'yan kwanaki kafin danshin ya dawo. Takardun Halffter na hannu suna Gidauniyar Paul Sacher, madugu mai ɗaukar nauyin mawallafan kiɗa, a Basel ta Suwizalan, ɗakin gwajin sauti na gidan rediyon SWR kuma yana Freiburg, inda aka gaji aikin Haller. Ku tura mutum wuraren nan biyu da wajen mawallafan takardunsa a wannan shekarar, ya dawo da jerin abin da ke akwai, da halin da yake ciki.

In za a zaɓi kiɗa ɗaya da zai tsaya a tsakiyar bikin, mu Elegías a la muerte de tres poetas españoles muka zaɓa, makoki ga marubuta waƙa uku na Sifaniya, wanda Halffter ya gama a 1975, shekarar da Franco ya mutu. Kashi uku ne. Na Antonio Machado, wanda ya rasu yana gudun hijira a Collioure a 1939, sunansa hijira. Na Miguel Hernández, wanda ya rasu a kurkukun Alicante a 1942, sunansa kurkuku. Na Federico García Lorca, wanda aka harbe a 1936, sunansa jini. Babu mawaƙi, babu kalma ko ɗaya, makaɗa ne zalla. Kiɗan yana dogara da tazarar da ke tsakanin sautin da da ƙyar ake ji da wanda ke girgiza kujera, kuma ɓangaren shirun ne ke wahala. Kada a sa shi a farkon taro, lokacin da 'yan makara ke neman kujera. A ba shi rabin taro na biyu shi kaɗai, a sa wani ya karanta baiti ɗaya na kowane marubucin waƙa kafin a fara, madugu kuma ya riƙe hannunsa a sama bayan sautin ƙarshe har zauren ya nutsu. Kusa da shi a wani daren a sa kiɗan celo na biyu, No queda más que el silencio, wanda ya rubuta wa makaɗin celo Rostropovich a 1985.

Yanzu ga Tiento. A 1986 Halffter ya rubuta shi don cikar Paul Sacher shekara 80, kuma yana nuna zangonsa na uku, inda ya juya ya ɗauko tsohon kiɗan ƙasarsa ya dasa a cikin nasa. Rabin farko daga Antonio de Cabezón ne, makahon mai kiɗan organ na fadar Sifaniya a ƙarni na 16. Rabi na biyu kiɗan yaƙi ne da aka daɗe ana jingina wa Juan Cabanilles na Valencia. Wasu sun ɗauki wannan juyi a matsayin tuba daga zafin ƙuruciya. Ba mu yarda ba. Gajimaren sautin nan na shekarun 1970 yana nan, shi ne ke haɗiye tsohon kiɗan ya sake tofo shi, kuma wanda ya ji Anillos da farko zai gane hannun nan take. Shi ya sa muke so a haɗa su a dare ɗaya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne na ganguna. Halffter ya nemi gangunan Basel, don girmama garin Sacher. Ganga ce mai zurfin ciki, faɗinta wajen santimita 40, ana ɗaure fatarta da igiya, ana bugunta da sanduna masu kauri, kuma masu bugunta a bikin Fasnacht na garin suna da nasu salon hannu. In aka maye ta da ƙaramar gangar fareti ta ƙarfe, za a sami tsatsa ba tare da rugugi ba. A yi hayar na gaske, in da hali a gayyato masu bugun daga can. Masu kakaki kuma a tuna musu cewa suna kwaikwayon bututun organ ɗin Sifaniya ne, waɗanda ke miƙe a kwance suna fuskantar jama'a: kaifi ake so, ba nauyi ba. Fandango na celo takwas, a kan jigon Padre Soler, ɗan gida ɗaya ne da wannan, kuma ya dace da ƙaramin zaurenku.

Wasannin opera guda uku Halffter ya bari: Don Quijote, da aka buɗe a Teatro Real ranar 23 ga Fabrairu 2000, ɗansa Pedro yana jagoranci, sai Lázaro a 2008 da Schachnovelle a 2013, duka biyun a Kiel ta Jamus. Mun san dandamalin opera ba a hannunku kaɗai yake ba. Amma kuna da makaɗa, kuna da mawaƙa, kuma ana iya gabatar da ɗaya daga cikin na Kiel a zaure ba tare da ado da kayan wasa ba, da kuɗin da bai kai na cikakken shiri ba.

Abu biyu suka rage. Ku ba JONDE, ƙungiyar matasan makaɗanku, ɗaya daga cikin ayyukan zobba a zaman horonta na 2029. Matasa suna da kwanakin bita da manya ba su da su, hannunsu bai riga ya ƙage a kan bin shugaban layi ba, kuma su ne za su zauna a kujerun nan bayan shekara goma. Sannan duk abin da aka kaɗa a naɗe shi, sauti da hoto, a saka a intanet inda na nesa zai samu, tare da bayanin injiniya a rubuce: lasifika nawa, a ina aka kafa su, jinkiri na daƙiƙa nawa, matata wace iri. Yawancin masu karanta wannan wasiƙa ba za su taka Madrid a 2030 ba, kuma ƙungiyar da za ta so kaɗa Planto a 2040 da wannan takardar za ta fara.

Muna fatan ganin sunayen ayyukan da ranakunsu a jadawalin da za ku fitar na kakar 2029 zuwa 2030.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wasu malaman kiɗa da injiniyoyin sauti masu bibiyar aikin Halffter.